Daga Hazarmawet Zuwa Halaramautu

Tun ranar Laraba nake neman wanda zan tsare in zazzage masa labarin nan, amma duk wanda na kama sai ya ce sauri yake yi. To, ku da kuka riga kuka fara karantawa sai ku yi haƙuri da ni.

Maƙwabcina a Tudun Wada, nan cikin garin Gombe, mutumin ƙasar Tangale ne, tsohon malamin firamare, kuma dattijon ikkilisiya a majami'arsu. Ido ya fara yi masa gardama, tabaran ma sun gaji. Da la'asar sakaliya ya leƙo da Littafi Mai Tsarki na Hausa a hannu, bangon ya sha hannu har ya yi laushi, ya ce, "Ɗana, zo ka ara mini idonka. Ni aka ba karatu yau da dare, wurin kuwa sunaye ne zalla, kada in je in ji kunya gaban mata da yara." Littafin Farawa ne, sura ta 10, inda aka jero zuriyar 'ya'yan Annabi Nuhu uku. Muka zauna a dakali, ina faɗa yana maimaitawa. Muka bi layin Shem har zuwa Eber, mai 'ya'ya biyu, Feleg da Yokatan. Shi Yokatan 'ya'ya 13 aka lissafa masa. Na fari Almodad, na biyu Shelef. A na uku harshena ya sarƙe.

Hazarmawet.

Baba ya ƙyalƙyale da dariya. "Wannan ai da tari ake tsallake shi," in ji shi. "Mai karatu yana isowa nan sai ka ji maƙogwaro ya kama shi." Sannan ya ce an taɓa gaya musu tun suna samari cewa ma'anarsa farfajiyar mutuwa. Na ce, "Haba Baba, wane uba ne zai dubi jaririnsa ranar suna ya raɗa masa wannan?" Mu ma fa muna da namu. Uwa mai wabi takan kira ɗanta Ajuji ko Ayashe, don mutuwa ta raina shi ta wuce. Amma ko ita ba ta ambaton mutuwar da sunanta, kewaye-kewaye take yi mata. Wannan kuwa an kira ta ƙiri-ƙiri, har an ba ta tsakar gida.

Sau biyu kacal sunan ya fito a duk littafin: Farawa 10:26 da 1 Tarihi 1:20, kuma na biyun ma maimaicin na farkon ne. Ba mata, ba 'ya'ya, ba shekaru, ba abin da ya yi ko ya ce. Daren nan na hana kaina barci. A Ibrananci sunan gaɓa biyu ne. Ta farko, hatsar, tana nufin fili da aka kewaye, ko ƙauyen da ba shi da ganuwa. Ta biyu, mawet, ita ce mutuwa. Sai na lura da wani abu: a littafin Joshuwa akwai garuruwa masu irin wannan kai, Hazar-shuwal, wato ƙauyen dila, da Hazar-susa, ƙauyen goɗiya. Tsarin Tungar wane da Gidan wane ke nan. Ashe sunan ma ƙirar sunan gari gare shi, ba na mutum ba. Tsofaffin malaman Yahudawa sun riga ni gane haka da daɗewa. A tafsirinsu na Farawa da ake kira Bereshit Rabba, wanda aka tattara wajen ƙarni na 5, sun ɗauke shi wuri ne, suka ce mutanensa matalauta ne masu cin wani ganye dangin albasa, masu sa tufar ciyawa, kullum suna zaman jiran ajali. Labari mai ban tausayi, amma da ji ka san daga sunan aka ƙago shi.

To ina wurin yake?

Washegari bayan Magariba na je Jekadafari wurin wani tsohon malamin zaure da nake ɗaukar karatu a gabansa. Da ɗalibai suka rage, na matsa na ce, "Allah gafarta Malam, ko ka taɓa cin karo da wani suna wai shi Hazarmawet?" Ya dakata da jan carbi. Ya juya kalmar a bakinsa sannu a hankali, ya raba ta biyu, ya sake haɗawa. Sai ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai yaro, ba Halaramautu kake nufi ba? Ƙasar Annabi Hudu. Tana Yaman."

Wallahi tsigar jikina ta tashi. Hadramaut! Sunan da nake ji a labaran duniya tun da yaƙin Yaman ya ɓarke, lardin da ya fi kowane lardi girma a ƙasar, mai hedkwata a Mukalla bakin teku. Sunan da alhazanmu ke gani a allunan gidajen abinci a Makka da Jidda, inda suke cin shinkafar mandi, wadda asalinta daga can ne. Shi ne ke kwance a aya ta 26, ana tsallake shi da tari.

Malam bai tsaya nan ba. Ya ce Larabawa suna fassara sunan da halara mautu, mutuwa ta hallara, kuma ya ba ni ruwaya biyu. Ɗaya ta ce wani jarumi ne, Amiru ɗan Ƙahɗan, wanda in ya shigo fagen fama gawa kan yi yawa, har laƙabin ya bi shi ya bi ƙasarsa. Ɗaya kuma ta ce Annabi Salihu ne ya isa can da waɗanda suka yi imani da shi, yana isa ya cika. Ina jin ya ce Ƙahɗan na kusa miƙewa tsaye. Masana nasabar Larabawa na farko, har da abin da Ɗabari ya kawo a tarihinsa, sun ambaci ra'ayin cewa Ƙahɗan, kakan Larabawan kudu, shi ne Yaƙɗan ɗan Abir. Yaƙɗan ɗan Abir, Yokatan ɗan Eber. Wasunsu ma suka ce Abir ɗin shi ne Annabi Hudu. Littafin Baba da zauren Malam, tsakaninsu tafiyar ɗan acaɓa ce ta 'yan mintoci, suna riƙe da nasaba ɗaya, ba wanda ya san na ɗayan.

Da ka gane na ukun, sauran 'yan'uwan sai su fara buɗewa. Sheba ita ce Saba, ƙasar Bilkisu, mai babban birni a Ma'arib. Uzal, mutanen Yaman sun daɗe suna cewa Azal tsohon sunan San'a ne. Dikla kalmar dabino ce. Jerin da na ɗauka rajistar haihuwa ce, taswirar kudancin Larabawa ce aka rubuta da salon wane ya haifi wane.

Amma na ƙi yarda kunne kaɗai ya yanke mini hukunci, don kamannin sauti ya sha yaudarar mutane. Me ya sa harafi ɗaya ya zama ts a bakin Bayahude, d mai nauyi a bakin Balarabe, l a bakin Malam? Ashe ƙa'ida ce sananniya. Inda Larabci ke da harafin da muke kira lodi a makarantar allo, Ibrananci kan sa tsade. Ƙasa a Larabci ard, a Ibrananci erets. Ƙwai baida, can kuma betsa. Ga wanda ya fi kusa da mu: Ishaku, ko Isiyaku, sunan da Musulmi da Kirista ke sawa a Gombe ba bambanci. Asalinsa Yits'haƙ, yana dariya, kuma dariya a Larabci dahika ce, da lodi. Saboda haka baƙaƙen Hazarmawet da na Hadramaut ba kama suka yi ba, su ne dai, harafi da harafi.

Shi kuma l ɗin Malam, nan ne na ji daɗi har raina. Ku tuna yadda samarin da suka yi karatun tajwidi ke yi wa tsofaffi dariya kan yadda suke furta kalmar ƙarshe ta Fatiha, da yadda suke cewa Ramalan. Mun ce alƙali, mun ce alwala, larura, farilla, lamiri, duk lodi ne ya zama l. To, Sibawaihi, babban malamin nahawun Larabci na ƙarni na 8, da ya zo bayanin mafitar harafin nan, cewa ya yi daga gefen harshe yake fita, ta wajen turame. Sautin gefen harshe kuwa dangin l ne. Mutanen Andalus da suka ari kalmar alƙali sun bar ta a Sifaniyanci da l a ciki, alkalde, magajin gari ke nan a wurinsu har gobe. Kuma a Mahra, maƙwabciyar Hadramaut ta gabas, masu harshen Mehri suna nan suna furta wannan sauti ta gefen harshe. Ban ce karatun tsofaffinmu shi ne daidai da na zamanin Sibawaihi ba, wannan fagen malaman ƙira'a ne. Abin da na ce shi ne lodinsu yana da asali, ba lalacewar baki ba ce, kuma mai dariya ya rage sauti.

Sannan ku dubi kalmar da kanta. Halara. Mu ba mu ce jama'a sun hallara ba? Ba mu ce gwamna ya halarci taro ba, mahalarta sun watse? Rabin farko na sunan nan yana bakin kowane mai karanta labarai a gidan rediyon Gombe, safe da yamma. Tushen a Larabci ya haɗa zuwa wuri da zama a cikinsa, shi ya sa zaman birni ya zama hadara, kishiyar zaman ƙauyen makiyaya. Wanda ya fi kowa yin rubutu kan wannan bambanci shi ne Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377. An haife shi a Tunis a 1332, amma ku duba ƙarshen sunansa: al-Hadrami. Danginsa daga can suke jingina asalinsu.

Ƙasar kanta fa? Rubuce-rubucen da aka sassaƙa a duwatsun Yaman sun ambaci sarkin Hadramaut tun wajen ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa. Babban birninta Shabwa, tashar jiragenta Ƙana, dukiyarta lubban. Itacen lubban ɗan'uwan hano ne, wanda wasu ke kira ararrabi, da ke tsirowa a duwatsun ƙasarmu, ana tsaga ɓawonsa ƙaro ya tsatso ya daskare. A wancan zamani duk ɗakin bauta daga Masar zuwa Rum yana buƙatar hayaƙinsa. Filini, marubucin Rum da ya mutu a shekara ta 79, ya rubuta cewa raƙuma ke kawo lubban Shabwa, ƙofa ɗaya tak aka ware masa, kuma wanda ya kauce hanya da kayansa hukuncinsa kisa. Sai firistoci sun cire ushirin gunkinsu kafin a sayar da ko ƙwaya. Wani littafin jagorar matuƙan jirgin ruwa da aka rubuta da Girkanci a ƙarni na 1 ya ce bayin sarki da fursunoni ke tsintar ƙaron, kuma yankin cike yake da cuta, masu aikin ba sa daɗewa. In mutum yana neman dalilin da zai sa baƙo ya ji mutuwa a sunan ƙasar nan, ga shi nan. Ni dai ina zargin masu lubban ɗin ba su ƙi a ji tsoronsu ba, ɗan kasuwa ba ya son a san hanyar rumbunsa. Daular ta faɗa hannun masarautar Himyar wajen shekara ta 300, amma sunan bai faɗi ba. Kwarin yana nan da garuruwansa, Tarim ta malamai, Sai'un, da Shibam mai benayen ƙasa hawa bakwai da fiye, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1982. Gabas da Tarim akwai wurin da mutanen ƙasar ke ziyarta duk watan Sha'aban a matsayin kabarin Annabi Hudu.

Na ɗauka na gama. Ina kwance ina maimaita rabin na biyu, mawet, mautu, mawet, sai bakina da kansa ya ce mutu.

Na tashi zaune. Na farko da ya zo mini shi ne, ai aro ne, yadda muka ari halarta. Amma a'a. Kayan mutuwa da muka aro daga Larabci sanannu ne, da addini suka shigo: ajali, wafati, jana'iza, likkafani, kabari. Mutu ba ta cikinsu. Dubi yadda ta yi rassa a harshen, mutu, mace, mutuwa, matacce, mamaci, mace-mace. Baƙuwar kalma ba ta yin irin wannan jijiya. Kuma masana sun same ta, da ɗan sauye-sauye, a harsuna da dama na dangin Hausa, har da na mutanen kan duwatsu da ba su taɓa zama da Balarabe ba. Tana cikin harshen Misirawan Fir'auna da baƙaƙe m, w, t. Buzaye suna da ita. A Ugarit, tsohon birnin gaɓar Siriya da aka fara tonowa a 1929, sunan gunkin mutuwa Mot. Halarta riga ce da muka saya a kasuwa, mutuwa kuwa tsagen gado ce a fuskarmu.

Wanda ya tsaya kai da fata kan wannan zumunta shi ne Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939. A 1950 ya kafa hujja cewa Hausa da sauran harsunan da ake kira na Chadi reshe ne cikakke na babban gida ɗaya da Larabci, Ibrananci, tsohon Misiranci, harsunan Buzaye da na Somaliyawa, ya kuma tattara aikin a littafinsa na 1963 kan harsunan Afirka. Abin da ya ƙara ɗaga ni, ƙasarmu ta Gombe tana tsakiyar wannan bincike. Paul Newman, wanda daga baya ya rubuta babban nahawun Hausa, da harshen Tera ya fara, littafinsa ya fito a 1970. Herrmann Jungraithmayr, masani ɗan ƙasar Ostiriya, ya fitar da ƙamus na Tangale a 1991. Russell Schuh ya yi shekaru yana aikin Bolanci tare da masana 'yan ƙasa. Tera, Tangale, Bolanci, Hausa, duk 'yan ɗaki ɗaya ne. Har kalmar suna kanta masana na haɗa ta da ism na Larabci da shem na Ibrananci, wato sunan ɗan Nuhu da jerin ya faro daga kansa.

Na san wani Bafulatani zai ce, to mu ma ai maayi muke cewa. Gaskiya ne, kuma a masarautar da Buba Yero ya kafa ba a raina wannan tambaya. Sai dai Fulfulde gidanta daban, danginta suna can yamma wajen Senegal, kuma m ɗaya a farkon kalma ba ya ƙulla zumunta. Abin da ke ƙulla ta shi ne a ga baƙaƙe suna amsa juna bisa ƙa'ida a kalmomi da yawa, a ga wakilan suna da ginin aikatau sun yi daidai, irin ta ɗin mace da ke cikin ta zo, wadda ke nan a Larabci da Ibrananci.

Nan ne maganar ta taɓo wani abu mai tsauri a Gombe. Tambayi dattijon Tangale a Billiri ko Kaltungo daga ina kakanninsa suka fito, zai ce Yaman, ta Ngazargamu. Tambayi Batere a Deba, tambayi Babole, amsar ke nan. Ga kuma ni na zo da Yaman a cikin littafin Farawa da kalma ɗaya a bakinmu da nasu. Mai gaggawa zai ce shi ke nan, an tabbatar. Ni ban gani haka ba, kuma gara in faɗa. Da a ce daga Yaman aka taso a zamanin daulolin nan, da Tangale da Tera sun zama rassan harsunan kudancin Larabawa, yadda harsunan Habasha irin su Amharik suka zama 'yan gidan Larabci na kusa. Ba haka suke ba. Nisan da ke tsakanin harsunan Chadi da na su Larabci nisa ne na dubban shekaru, ya girmi Shabwa, ya girmi Saba, ya girmi rubutu kansa. Labarin Yaman kuwa an san ƙofar da ya fi shigowa ta ciki. Sarakunan Sefawa na Kanem da Borno, da suka yi mulki har 1846, sun jingina kansu ga Saifu ɗan Zi Yazan, gwarzon Himyar na ƙarni na 6. Borno ce babbar daular yankin, kuma masana tarihi da dama na ganin ƙananan masarautun kwarin Gongola sun ɗauki wannan nasaba ne don ita ce nasabar girma. Abin dariyar, Barebarin da suka fi kowa riƙe labarin, harshensu ba ya cikin gidan su Larabci ko kaɗan. Waɗanda suka aro labarin daga gare su, su ne masu zumuntar ta gaske, sai dai ba ta hanyar da labarin ya faɗa ba. Ambaton Ngazargamu da yankin tafkin Chadi a bakin dattawa ya fi kama ƙasa, don a can ne dangin harsunan nan suka yi sansani.

Saura abu ɗaya da ya kusa kwance mini kaya. Tsohon Ibrananci baƙaƙe kawai ake rubutawa. Wasullan da suka ba mu mawet, malaman da ake kira Masoret ne suka ɗiga su, tsakanin ƙarni na 7 da na 10, a Ɗabariyya da wasu wurare. Yahudawan Iskandariyya da suka juya Attaura zuwa Girkanci a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, Asarmot suka rubuta. Su kansu mutanen ƙasar, a rubutunsu na duwatsu, sau da yawa ba sa sa harafin w ɗin, kuma jikokinsu a yau Hadramut suke cewa. A 1981 Kamal Salibi, masanin tarihi ɗan Labanan, ya rubuta maƙala ya ce ut ɗin nan ɗafi ne na sunayen wurare a yankin, irin na Saihut da Barhut, ba mutuwa ba ce sam. A ganinsa sunan yana nufin wuri mai kore, kwari mai ruwa da dabino a tsakiyar hamada. Ka ji fa! Bayahude ya ji mutuwa ya ƙago matalauta masu cin ganye, Balarabe ya ji mutuwa ya ƙago jarumi mai zubar da gawa, alhali mai yiwuwa masu ƙasar gonakinsu suke yabo.

Hujjarsa ta ɗafin ut ta kama ni, don Saihut da Barhut suna nan a taswira, kowa na iya dubawa. Fassarar kore ce ban saya duka ba, sai an ɗan lanƙwasa baƙaƙen kafin ta fito, kuma mot ɗin Asarmot ma kan iya zama mutuwar, tunda haka kalmar ke lanƙwashewa a Ibrananci. Masana ba su haɗu kan magana ɗaya ba har yau. Amma ko Salibi ya yi gaskiya, mawet da mautu da mutu ba su motsa ba, don zumuntarsu ba a kan sunan kwarin ta rataya ba. Abin da zai canja kawai shi ne fassarar da aka koya wa Baba yana saurayi da wadda Malam ya gada daga malamansa, su biyun a tare.